Baƙon Kwana Ɗaya da Dabbobin Gari

Sharhinmu na yau daga bakin rijiyar Kusugu zai tashi. Zai ƙetare teku da mu, sannan ya dawo da mu kwatar Daura inda ake yanka.

Labarin Kusugu babu ɗan Daura da bai sha shi tare da nono ba, amma ku yi haƙuri in sake kawo shi, don akwai wurin da nake so mu tsaya. Bayajidda matafiyi ne. Ya baro Bagadaza, ya sauka Borno, zama bai yi daɗi ba. Ya fito da matarsa, ya bar ta da ciki a Garun Gabas, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, dare ya yi masa a Daura. Wurin kwana ya nema a gidan tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwan da zai ba dokinsa. Tsohuwa ta ce masa ruwa a garin nan sai ranar Juma'a, domin akwai maciji a rijiya, sunansa Sarki, ba ya barin a jefa guga sai a wannan rana. Baƙo ya ce a ara masa guga. Ya je cikin dare, maciji ya riƙe guga, ya jawo shi sama, ya sare kansa, ya sha ruwa, ya shayar da doki, ya koma ya kwanta. Da gari ya waye aka ga gangar jiki a bakin rijiya. Galadima ya leƙa daga nesa ya ja da baya, Kaura ne ya matsa ya taɓa, ya tabbatar wa Magajiya Daurama cewa maciji ya mutu. Sauran kun sani. Aka yi wa Bayajidda tayin rabin gari ya ce aure yake so, aka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida da Biram na Garun Gabas suka zama Hausa Bakwai.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan labari. A 1966 wani Bature mai suna Hallam ya rubuta cewa wataƙila sunan Bayajidda yana da nasaba da Abu Yazid, wanda ya yi tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a shekarar 947. Wasu kuma suka ce macijin ma ishara ce ga wani tsohon abin bauta. Wannan muhawara tasu ce, mu bar musu. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, gari guda, da sarauniyarsa da fadawanta da mayaƙanta, suna zaune da dabba a tsakiyarsu, har sun yi rabon kwana da ita: shida nata, ɗaya nasu. Sun saba har abin ya daina zama abin magana. Sai da wanda ya zo kwana ɗaya ya tambaya, sannan aka tuna cewa akwai abin tambaya. Ɗan gari idonsa ya saba, baƙo ne ke gani. An ce baƙo raɓa ne, amma kafin raɓar ta bushe ta riga ta ɗauki labarin garin, kuma sau da yawa abin da take ɗauka ba gini ba ne, ba kasuwa ba, dabbar garin ce.

Bari in ba ku misali daga nesa. A Kudancin Amurka, a ƙasar Ekwado, akwai babban birnin bakin ruwa da ake kira Guwayakil. Da yawa daga cikin baƙin da ke sauka can ba garin suka nufa ba. Tsibiran Galafagos za su, masu nisan kusan kilomita 1,000 cikin teku, inda Charles Darwin ya je a 1835, kuma akasarin jiragen da ke zuwa can ta Guwayakil suke bi. Don haka mutum yakan sami kansa da yini guda ko kwana ɗaya a hannu. Ina ake kai shi? Wani ɗan dandali a tsakiyar gari, gaban babbar majami'a, wanda bai wuce ka zagaye shi cikin 'yan mintoci ba. Sunansa na takarda Dandalin Seminariyo. A tsakiyarsa akwai mutum-mutumin Simon Bolibar bisa doki, an kafa shi a 1889. Amma kowa Dandalin Iguwana yake ce masa. Iguwana kuwa, in kun san damo, to ku ɗauka ɗan uwansa ne, kore-kore, da tsika jere a gadon baya, babba daga kai zuwa ƙarshen wutsiya yakan kai mita ɗaya da rabi. Ganye da 'ya'yan itace yake ci. Suna nan birjik, kwance a kan hanya suna shan hantsi, wasu a kan benci kusa da tsofaffi masu karanta jarida, wasu a rassan bishiya suna sako kashi kan wanda tsautsayi ya sa ya tsaya a ƙasa. Ba keji, ba sarƙa, ba kuɗin shiga. Motoci na wucewa, masu talla na talla. Bolibar ya 'yanto ƙasashe daga hannun Sifaniyawa, amma baƙon da ya koma gida, hoton damo yake nunawa.

Ku tsaya ku yi tunani, da a wani gari namu aka wayi gari da damo ɗari kwance a bakin masallacin Juma'a, kwana nawa za su yi? Damo sarkin haƙuri ne a baki, amma a tukunya yake ƙarewa. Kuma kada a ce mutanen can ba sa ci, a ƙasashe da dama na wannan yanki ana cin naman iguwana kamar yadda muke cin damo. Abin da ya bambanta shi ne gari ya yarda cewa na wannan dandali an bar su.

Wani zai ce ai wannan al'adar Nasara ce. To mu dawo Afirka, mu shiga garin Musulmi. Harar, a gabashin Habasha, tsohon birni ne mai ganuwa, da masallatai 82 a cikinta, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. A jikin ganuwar akwai ƙananan kafofi da kuraye ke bi su shigo cikin dare, su share ƙashi da tarkacen da mahauta suka zubar. A bayan ganuwa akwai mutanen da sana'arsu ke nan, da magariba su zauna da kwandon nama suna kiran kuraye, suna miƙa musu a kan ɗan tsinke, baƙi na kallo suna biya. Ranar Ashura har fate ake dama wa kurayen da man shanu. Mu ma muna da masu wasa da kura, amma tamu da takunkumi take, da sarƙa a wuya, ana jan ta kasuwa-kasuwa. Ta Harar da ƙafarta take zuwa, in ta ƙoshi ta koma dawa.

To yanzu ga tambayata, kuma mutanen Daura nake yi wa, da na Zango, da Baure, da Sandamu, da Mai'adua. Daura zango ce tun fil'azal. Fatake sun sauka, masu zuwa Damagaram ta Kwangwalam har gobe nan suke bi, 'yan kasuwar dabbobi ta Mai'adua nan suke ratsawa. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma ta Kazaure da Daura zai bi kafin ya kai Katsina da Jibiya. Masu sauka na sa'a biyu da na kwana ɗaya ƙaruwa za su yi. In baƙo ya sauka, mun san inda za mu kai shi. Za mu kai shi Kusugu, ya shiga ginin da aka yi wa rijiyar, a ja masa ruwa ya sha, ya cika gora ya kai tsaraba. Za mu kai shi ƙofar fada. In ya dace da lokacin Sallar Gani, ya ga hawa. Duk wannan daidai ne, kuma abin alfahari ne. Amma dabbar da ta fi kowace suna a garinmu, wadda muke kai mutane su ga inda ta zauna, matacciya ce tun fiye da shekara dubu a lissafin masu ba da labari. Mai rai fa? Wace za mu nuna masa?

Ina yaro, in aka aike ni sayen nama da safe, tun kafin in hango kwata nake hango ungulaye. Suna jere a kan katanga da kan tsamiya kamar masu jiran rabon zakka, wasu a ƙasa suna tafiyarsu ta ƙasaita tsakanin ƙafafun mahauta, ba mai korarsu sai in sun yi rashin kunya. Kafin hantsi ya dubi ludayi sun share jini da tumbin da aka zubar. In jaki ya mutu a bayan gari, kwana biyu sai ƙashi. Ba mu taɓa ɗaukarsu abin kallo ba, mun raina su ma, muna yi musu dariyar sanƙo. Yau je ka kwata ka ɗaga kai. Yaro ɗan shekara goma sha biyar a garin nan zai iya ce maka ungulu ba ta jewar banza, zai iya ce maka an yi wa wane ungulu da kan zabo, amma ka ce ya kwatanta maka kamanninta, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Karin maganar ta rayu, mai karin maganar ta tafi.

Ba a Daura kaɗai ba ne. Wannan ƙaramar ungulu ta cikin gari, wadda a da ta cika kowace kasuwa daga Senegal har Sudan, a 2015 ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa ta a matakin da daga shi sai ƙarewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Akwai guba da ake sa wa mushe don kashe karnuka ko kuraye, ungulu ta sauka ta ci. Akwai sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, to tsamiyar tana cikin buhun gawayi a bakin titi, ina za ta koma? Sai babban dalili, wanda ba mu cika son a faɗa ba: kasuwar kan ungulu. Ana sayensa don tsibbu, don neman sa'a, don a ga abin da ke ɓoye, don cin zaɓe. A 2020 an kashe ungulaye kimanin 2,000 da guba a Gini Bisau cikin 'yan makonni, da yawa an same su ba kai. Kuma masu bin diddigin wannan ciniki sun sha nuna cewa kasuwannin Nijeriya na cikin manyan wuraren da kayan ke ƙarewa. Ni dai ban taɓa ganin wanda kan ungulu ya azurta ba, in ban da mai sayar da shi.

Wataƙila ka ce to sai me, tsuntsu mai cin mushe ya tafi, Allah raka taki gona. Mutanen Indiya sun ga amsar wannan. A shekarun 1990 makiyayansu suka rungumi wani maganin ciwon jiki mai suna diklofenak suna yi wa shanu. Saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace. Cikin shekara goma sha wani abu, fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayen ƙasar suka ƙare. Mushe ya rinƙa ruɓewa a fili da bakin ruwa, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka fitar da ƙiyasin cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ma'aikacin tsafta ne da ba ya karɓar albashi, ba ya yajin aiki, cikinsa kuma na narkar da ƙwayoyin cutar da kare da ƙuda ke yaɗawa.

Wadda ta rage mana, kuma nake jin tsoron kada ta bi sahu, ita ce shamuwa. Ita ma baƙuwa ce, 'yar ci-rani ce ta gaske. In damina ta ƙare a nan sai ta tashi ta ƙetare tsakiyar Afirka, ta je can ƙasashen Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu inda ruwa ke sauka a lokacin, sannan wajen Afrilu zuwa Mayu ta dawo. Ba ta sheƙa a dawa in ta sami gari, cikin mutane take so, kan kuka ko tsamiya ko rimin da ke tsakar unguwa. Manomi in ya gan ta ya san lokacin gyaran gona da neman iri ya yi, tun kafin a san da hasashen yanayi a rediyo. Abincinta fara da tsutsa, wato maƙiyan gero da wake. Kakanninmu ba su karanta kimiyya ba, amma sun kafa mata doka: ba a jifan shamuwa, ba a taɓa ƙwanta, yaron da ya hau bishiyarta ya sha bulala. Wannan dokar ba a rubuce take ba, a bakin tsofaffi take, kuma tsofaffin suna ƙarewa. Yanzu mai gida zai sare bishiyar shekara ɗari don kashin tsuntsu na ɓata masa mota, ko don ya fitar da shago biyu a wurin. Darbejiyar da muke dasawa tana da inuwa, Allah ya sa mata albarka, amma ba ta maye gurbin tsohuwar kuka.

Haka mujiya. An ɗora mata maita, duk inda ta yi kuka sai an nemo ta da dutse, alhali ɓeraye take kwana tana kamawa. Ɓera kuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, kuma duk rani sai ya ci rayuka a ƙasar nan.

Kada wani ya ce mai sharhi ya ce a rungumi maciji. Ban ce ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma yana da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara, kuma a 2017 ta mayar da shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Wanda ya taɓa zuwa asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe lokacin shuka ko girbi, ya ga abin da kububuwa ke yi wa manoma, ba zai yi wasa da wannan magana ba. Zama da dabba ma ko ba dafi yana da tsada. A 2021 mazauna Nordelta, wata unguwar masu kuɗi kusa da Buwenos Aires a Ajantina, sun yi ta kuka da wata dabba 'yar uwar gafiya mai girman tunkiya, kafibara, tana cinye musu furanni tana tare hanya. Sai aka tuna musu cewa fadamar dabbar aka cike aka gina gidajen. Bayajidda ya yi daidai, domin wancan maciji ya tsare wa mutane ruwa, ruwa kuwa rai ne. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki wuƙarsa mun bar dalilinsa. Ungulu wace rijiya ta tsare? Shamuwa wa ta hana sha?

Addininmu ma ya rarrabe. Ya halatta kashe mai cutarwa. Amma malamai na karantar da mu a Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa macijin da aka gani cikin gida a Madina, an yi umarnin a yi masa gargaɗi kwana uku kafin a kashe shi. Suna karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Akwai kuma labarin da ke zo mini duk lokacin da na tsaya a Kusugu, na wani matafiyi da ƙishirwa ta kama, ya shiga rijiya ya sha, ya fito ya ga kare na lallagen harshe, ya koma ya ciko takalminsa da ruwa ya ba shi, Allah ya gafarta masa. A wata ruwayar labarinmu, Bayajidda ma takalmi ya bari a bakin rijiya, da shi aka gane shi. Matafiya biyu, rijiya biyu, takalma biyu. Na farko muke yi wa biki duk shekara. Na biyun a wa'azi kawai muke jin sa.

Kuma abin da ya lalace yana gyaruwa in mutane sun so. Ga maƙwabtanmu Nijar. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, guda 49 ne kacal, su ne na ƙarshe irinsu a duniya. Ba a killace su a gandu ba, cikin gonakin mutane suke yawo, har wake suna ci. Aka zauna da manoma, aka hana farauta, aka sa 'yan ƙauyen su zama masu raka baƙi suna samun na cefane. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda aka daɗe da rasa su.

Saboda haka ga roƙona. Ina miƙa shi cikin ladabi ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, Allah ya ja zamaninsa, da hakimai da dagatai da masu unguwanni: duk bishiyar da shamuwa ke sheƙa a kai a cikin gari, a san da ita, a hana sare ta, ko a gidan wa take. Sarkin Pawa da mahauta, in Allah ya sa ungulu ta sake sauka a kwata, ku ne masu tsaronta, kada a bar mai tarko ya matso. Masu sa wa mushe guba don karnuka, ku binne shi ya fi. Limamai, huɗuba ɗaya a kan cinikin kan ungulu ba za ta yi yawa ba. Malaman makaranta, in kun kai yara Kusugu sun ga inda maciji ya mutu, ku biya da su gindin kukar da shamuwa ke kiwon 'ya'yanta.

Kai kuma mai sauraro, bana in bazara ta kama, ɗaga kai ka ƙirga sheƙar shamuwa nawa ce a unguwarku, ka tambayi tsohon da ya fi kowa shekaru nawa ce a zamaninsa, ka aiko mana da lissafin biyu, za mu karanta a wannan fili. A kuma ja kunnen yara masu danƙo. Sai mun ji daga gare ku.